Daga kakan babana labari ya yanke, ta ina zan kamo zaren?

Ummu_Haidar: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Tambaya gare ni ga masu ilimin tarihi. Ina aikin jinya a Ingila, kuma akwai wata Baturiya abokiyar aikina da ta jero kakanninta har shekarun 1700, kowa da ƙauyen da aka yi masa baftisma da wadda ya aura. Ta ce daga rajistar coci da takardun ƙidayar jama'a ta tattaro su. Ni kuwa daga kakan babana komai ya tsaya. Abin da muka sani, falke ne, ana ce masa Tanko, ya bar ƙasar Kano ya tafi Gwanja, a arewacin Ghana ta yau, fataucin goro, ya yi aure a can, ya dawo gida da tsufa ya bar 'ya'ya a baya. Shin mu ma muna da irin waɗannan takardu? Ƙidayar da Turawa suka yi mana, ina sunayen suka shiga?

Dan_Kurmi74: Wa alaikumussalam. Hajiya, amsar a taƙaice babu. Ƙirga mu kawai aka yi don haraji.

Malam_Tarihi: Ɗan Kurmi ya faɗi gaskiya amma ya yi sauri. A fara da dalilin da ya sa abin ya zo wa Baturiyar da sauƙi. A 1538, zamanin Sarki Henry na takwas, wazirinsa Thomas Cromwell ya ba da umarni kowace coci a Ingila ta riƙa rubuta wanda aka yi wa baftisma, da auren da aka ɗaura, da wanda aka binne. Kin ga ko mutum bai taɓa riƙe alƙalami ba, sau uku yake shiga littafi. A 1837 gwamnati ta buɗe tata rajistar ta haihuwa da aure da mutuwa. Ƙidaya kuwa sun fara ta a 1801, duk bayan shekara goma, amma sai a 1841 aka soma rubuta sunan duk wanda ya kwana a gida a daren ƙidaya. A 1851 aka ƙara garin haihuwa da dangantakar kowa da maigida. Suna rufe takardun shekara ɗari, shi ya sa ta 1921 sai a Janairun 2022 aka buɗe ta.

Mu a Arewa, ƙidayar 1911 da 1921 da 1931 akasari daga lissafin haraji aka ciro adadin. Abin da Di'o yake so ya sani shi ne maza baligai nawa ne a gunduma, shanu nawa za a karɓa wa jangali. An sake yi a 1952 da 1963, ta 1973 aka soke ta, sai 1991 da 2006. Jimilla aka buga, gari kaza mutum kaza. Babu shafin da za ki shiga ki rubuta sunan kakanki ya fito.

Sadiya_Leeds: Su ma fa nasu ba cikakke ba ne. Takardun ƙidayar 1931 na Ingila gobara ta cinye su a 1942, a 1941 kuma ba a yi ba saboda yaƙi. Ta 1841 ma duk wanda ya haura sha biyar rage masa shekaru ake yi zuwa biyar-biyar, ɗan 29 ya koma 25. Kada mu ɗauka su ba su da giɓi.

Anti_Rahila: Ku yi haƙuri in ɗan gyara. Cewa mu ba mu da rajistar coci sam, ba haka ba ne. Akwai Hausawa da Fulani Kirista, mu 'yan Wusasa ne. Mishan ta taso daga cikin birnin Zariya ta koma Wusasa a 1929, cocin St. Bartholomew na ginin ƙasa yana nan tsaye har gobe. Na ga shafin baftismar kakata da idona, an rubuta da tawada shuɗiya da ta koɗe: sunanta, ranar, sunan ubanta, wanda ya tsaya mata, da sa hannun limamin coci. Sai dai da girmanta aka yi mata, aka ba ta sabon suna, sunan uban kuma guda ɗaya tak babu na kaka. Mataki ɗaya littafin ya mayar da ni baya ya tsaya. Sauran duk daga bakin wata goggonmu na ji, wadda ita Musulma ce, a cikin birni take aure.

Ummu_Haidar: Anti Rahila na gode, wallahi ban san da wannan ba.

Ba_Maradi: Salamu alaikum. Mu nan Nijar abin ya ɗan bambanta, don nasaran Faransa sun hi son rubutu. Kumandan ko wakilinshi na hita rangadi gari gari, a tara mutane ƙofar maigari, a rubuta maigida da matanshi da ɗiyanshi da bisashe, saboda lanho, wato haraji, da aikin tilas da ɗibar soja. Kenan akwai sunaye. Amma tsohona ya sha ba mu labarin yadda in anka ji kumandan na tahe, sai a tura samari daji da awaki, a ɓoye yara, don kar kuɗin kai ya ƙaru. Shekaru kuma da ido aka kimanta su, takardar tsohon nawa "né vers 1938" ta ce, wato wajajen nan dai. Takardun wasu na Yamai, wasu Dakar inda babban gwamna ya zamna, wasu can Aix a Faransa. Ku tuna kuma Damagaram ce hedkwata har 1926. Ƙidaya ta ƙasa baki ɗaya sai 1977 munka yi ta farko.

Bazazzagi_Original: Ɗan Kurmi, kai kar ma ka wahalar da kanka da bincike. Ko an tono naka, a gonar wani Bazazzagi za a tarar da kakanka yana noma 😂

Dan_Kurmi74: Allah ya shirye ka. Bawa ba ya rasa bakin magana. Bari in gama da Hajiya in dawo kanka.

Ummu Haidar, matsalarki ta farko ita ce sunan nan. Tanko laƙabi ne, namijin da aka haifa bayan mata. Sunan yanka yana iya zama Muhammadu ko Abdullahi ko wani abu daban, kuma saboda alkunya matansa da 'ya'yansa ba za su taɓa faɗa ba, har ya ɓace. Neman Tanko a littafin haraji kamar ki shiga kasuwar Kurmi ki ƙwala "Malam!" ne, kowa zai waiwayo. Sai kin samu sunan yanka, da sunan uba, da gari ko unguwa, kafin takarda ta yi miki amfani.

Hajiya_Yar_Dala: Ku yaran nan wasa kuke da maganar bawa, to ni ita ce ta sa ba na son irin wannan tone-tonen. Ina da 'yar ƙawa, yarinya mai hankali, ta yi karatu, an sa rana har an kawo lefe. Sai dangin mijin suka ce za su yi bincike. Wata tsohuwa ta ce ai kakar kakarta baiwa ce da aka kawo daga kudu. Shi ke nan aka zo aka kwashe akwatuna. Yarinyar nan me ta yi? Yanzu a ce kuma ga shi a rubuce kowa na iya gani a waya? Wani abin gara a bar shi a binne.

Malam_Tarihi: Hajiya, Allah ya ƙara girma, kuma abin da kike tsoro akwai shi a rubuce. Dokar Lugga ta ce duk ɗan da aka haifa bayan 31 ga Maris 1901 ɗa ne, ba bawa ba, amma ba a soke bauta gaba ɗaya a Arewa ba sai 1936. A tsakanin nan dubban mutane sun bi ta kotun alƙali sun fanshi kansu ko an 'yanta su, ana rubuta suna, da ƙabila ko garin da aka kamo mutum, da wanda ya fanshe shi. Irin wannan rajista tana cikin takardun lardi a ma'adanar takardun tarihi ta ƙasa da ke Kaduna. Abin mamaki, wanda aka bautar sau da yawa ya fi talaka ɗa samun shiga takarda. Ni a ganina laifin na masu fasa aure ne. Wace masarauta ce babu sarkin da ƙwarƙwara ta haifa?

Abu_Sumayya: Allah gafarta Malam, a nan ne ya kamata a yi hattara. Shari'a ta kwaɗaitar da sanin nasaba gwargwadon abin da mutum zai sada zumunci da shi, hadisi ya zo da haka. Amma alfahari da nasaba da sukar ta wani, Manzon Allah (SAW) ya lissafa su cikin al'amuran jahiliyya. Aya ta 13 a Suratul Hujurat ta ce an sanya mu dangogi da ƙabilu don mu san juna, mafificinmu shi ne mafi taƙawa. 'Yar'uwa Ummu Haidar tana neman dangin da aka bari a Gwanja, wannan zumunci ne. Wanda kuma yake nema don ya rataya allo a falo ya ce shi Sharifi ne, ya binciki niyyarsa.

Bazazzagi_Original: Ustaz ka taɓo inda yake min ƙaiƙayi. Duk wanda ya yi kuɗi a ƙasar nan sai ka ji kakansa daga Bagadaza ko Misira ya zo, ko shi ya riƙe wa Shehu buta. Ban taɓa jin wanda ya binciko ya ce kakana majemi ne ba. To su wa suka jeme fatun da aka yi ta kaiwa Tarabulus?

Fulani_Girl_Yola: Barebari ne 😌

Kanuri_Prince: Ke dai bari. Mu da muke da jerin sarakuna tun kafin ku koyi ɗaura zani.

Abu_Zongo: Salaam. Ni ɗan zangon Kumasi ne, bari in dawo da mu kan tambayar. Anti Ummu, ki fara sanin wane lokaci ya je. In kafin 1892 ne, kusan tabbas Salaga, babbar kasuwar goron Gwanja, ya riƙa sauka. A shekarar aka yi yaƙin basasa a Salaga, fatake suka watse, wasu Kete Krachi, wasu Kintampo, daga baya da Turawa suka ci Asante aka cika Kumasi da Accra. Alhaji Umaru Krachi, babban malamin nan haifaffen Kano da ya rasu a 1934, shi ma ta Salaga ya bi kafin ya zauna a Krachi.

Tambayar da ta fi muhimmanci a wurinmu ita ce: gidan wa yake sauka? Kowane falke yana da maigidan da yake sauke shi, ya ajiye masa kaya, ya nemo masa masu saye, sau da yawa ma ya ba shi aure. Zuriyar masu gidan nan suna nan kuma sun san baƙin kakanninsu. Da sunan maigida za ki fi saurin samun dangi fiye da takardun ofishin adana tarihi na Accra ko Kumasi ko Tamale, duk da su ma suna da amfani, musamman shari'o'in gado da rikicin sarautar zango.

Sai ki sa a ranki cewa a Nuwamba 1969 gwamnatin Busia ta ba baƙi marasa takarda sati biyu su fita. Gidaje da yawa sun rabu biyu a lokacin. Yana yiwuwa dangin da kike nema a Ghana suna Agege ko Fagge tun shekara hamsin da suka wuce.

Dan_Kurmi74: Abu Zongo ya kawo magana. Ƙari a kai, fataucin goro ba kowa da kowa ba ne, yawanci Agalawa ne da Tokarawa da Kambarin Barebari, kuma kowanne da zanensa na fuska da garuruwan da ya fi zama. Alhassan Ɗantata Ba'agale ne, haifaffen Bebeji, kuma mahaifiyarsa ta zauna a Accra. Ki tambaya ko tsohon yana da zane, iri nawa, a kunci ko a gefen baki. Wanzami tsoho yana jin bayanin zai gaya miki ko su wane ne.

Dan_Magatakarda: Babana ya yi aikin rubutu a kotun alƙali zamanin En'e, kuma a ganina babu takardar da ta kai littafin rabon gado. Dole a jero magada duka da sunan yanka, mata da 'ya'ya maza da mata, har wanda yake wata ƙasa a ajiye masa kasonsa. Nan kaɗai za ki ga sunan mace a rubuce, don littafin haraji bai san da ita ba. In tsohon ya rasu a gida ya bar gona ko gida, kuma an je gaban alƙali, to 'ya'yan Gwanja suna iya fitowa a ciki. Da Larabci ko ajami ake rubutawa, sai kin nemi mai karanta miki.

Inda gizo yake saƙa shi ne ajiya. An karɓe kotuna daga hannun En'e a ƙarshen shekarun 1960, aka rushe En'e ɗin kanta a gyaran ƙananan hukumomi na 1976, haraji da jangali kuma Rimi da Balarabe Musa suka soke su a Kano da Kaduna a 1979. Kowane sauyi sai an kwashe littattafai an kai wani wuri. Na taɓa bin sawun na garinmu har wani sito a bayan wani ofishi, aka buɗe min, na ɗaga na sama sai ƙasa ta zubo. Gara ta shiga ta tsakiya ta bar bango kawai. Mai gadin ya ce wasu ma masu ƙosai aka ba.

Sadiya_Leeds: Innalillahi. Wannan ya fi gobarar Ingila ciwo.

Malam_Tarihi: Shi ya sa nake cewa a je Kaduna, da Gidan Arewa da Farfesa Abdullahi Smith ya kafa a 1970 a gidan Sardauna, da hukumar tarihi ta Kano, da ta Waziri Junaidu a Sakkwato. Amma a je da sanin abin da za a samu. Rahoton kimanta haraji na gunduma zai gaya miki waɗanda suka kafa ƙauye, daga ina suka zo, jerin dagatai, sana'o'in garin, wani lokaci har madugai. Mai sarauta da malami da attajiri za su fito da suna. Talaka sai in ya yi shari'a. Rajistar shiga elementare ma tana da kyau, ana rubuta sunan uba da sana'arsa, sai dai a lura a makaranta ne aka riƙa liƙa wa yara sunan gari, shi ya sa 'yan uba ɗaya za ka ga sunayensu na ƙarshe sun sha bamban.

Takari_Sennar: Gaisuwa daga 'yan'uwanku na Sudan. Mu kakanninmu sun taso bayan yaƙin Burmi na 1903, suka bi ɗan Sarkin Musulmi Attahiru har aka kafa Mai Wurno a bakin Shuɗin Nilu. Wasu kuma hanyar Makka ce ta ajiye su suka tsaya noman auduga a Jazira. Abin da ya riƙe mana asali shi ne bangon Alƙur'anin kakanmu, inda ya rubuta haihuwar kowane ɗa da watan Musulunci, ya kuma rubuta sunan garinsu a ƙasar Haɗeja. Da yaƙin nan na 2023 ya tashe mu, shi mahaifiyata ta fara ɗauka. Ku duba gafakar tsofaffinku kafin ku tafi ofis.

Hajiya_Yar_Dala: Allah ya kawo muku zaman lafiya ɗana. Wannan kam na yarda da shi, abin gidanku ne, ba na bainar jama'a ba.

Nura_Bahia: Ina karatu a Brazil, kuma abin da zan faɗa zai ba Anti Rahila mamaki. A Salvador ta jihar Bahia akwai Hausawa a rajistar coci tun farkon shekarun 1800. Bayin da aka kawo ana yi musu baftisma, a ba su sunan Fotugis, a rubuta ƙabila a gefe, Ussá ko Haussá. Su ne suka shirya tawayen 1807, kuma akwai su a na Musulmi na 1835 da aka yi cikin azumi. Amma sunan gida ya tafi, ba ka da hanyar haɗa wani José da Katsina ko Gobir. Rajistar Freetown ta Saliyo ta fi, wadda aka fara a 1808 ta mutanen da jiragen Ingila suka ƙwato a teku. A can an rubuta sunan mutum na asali yadda kunnen magatakarda ya ji, da tsawonsa, da bayanin zanen fuskarsa. An sa sunayen a intanet.

Kanuri_Prince: To me zai hana ta yi gwajin ƙwayar halitta ta huta? Tofa yawu ne kawai a kwalba.

Sadiya_Leeds: Na yi. Ya ce min ni 'yar Najeriya ce da ɗan Mali da ɗan Kamaru. Na biya kuɗi aka gaya min abin da na sani. Amfaninsa sai danginka ma sun yi, kuma mutanenmu kaɗan ne a ciki. 'Yan'uwan da ya haɗa ni da su duk baƙaƙen fatar Amurka ne masu nisa, su ma tambayata suke.

Tsohon_Soja_Jr: Wanda kakansa ya yi soja ya duba ta nan ma. Waɗanda suka rasu a yaƙin Bama (ƙasar Burma, lokacin yaƙin duniya na biyu) cikin runduna ta 81 da ta 82 hukumar kaburburan yaƙi ta ƙasashen renon Ingila ta sa sunayensu da lambarsu a intanet. Sai dai suna irin na bariki ne, sunan mutum da na garinsu ko ƙabilarsa, kuma da yawa da aka rubuta Hausa ba Hausawa ba ne, yaren bariki ne ya haɗa su.

Ummu_Haidar: Jama'a Allah ya saka da alheri. Na kira goggona da daddare, ita ce babba a gidanmu yanzu. Da farko faɗa ta yi min, wai me nake nema. Da na ce zumunci, sai ta saki jiki. Ta ce ba ta san sunan yankansa ba, amma yayan babana da ake kira Abba sunansa aka mayar, kuma shi Abba Usman ne. Ta ce yana da zane, kuma ya dawo gida shekarar Kakalaba, ya tarar ana yunwa. Sunan maigidan da yake sauka wurinsa ta ce yana bakinta, sai ta tuna.

Malam_Tarihi: Madalla. Kakalaba yunwar 1913 zuwa 1914 ce, kin samu shekara ke nan. In da tsufa ya dawo a lokacin, to zamanin Salaga ya yi fataucinsa, kamar yadda Abu Zongo ya zata. Ki sake kiran ta ki naɗi muryarta da izininta, kuma kada ki gaya mata abin da muka faɗa a nan, don kar ta gyara labarin ya dace da namu. Ki tambayi wata tsohuwar daban, daga wani ɗakin, ki gwama.

Dan_Magatakarda: Ni dai ban gamsu da "da tsufa" ɗin nan ba. A bakin tsofaffi ɗan arba'in da furfura biyu ma tsoho ne. In ya haifi kakanku bayan dawowarsa, lissafin Salaga zai iya rushewa, ya zama Kumasi. Ki tambaya kakan naku kafin tafiya aka haife shi ko bayan dawowa.

Hajiya_Yar_Dala: Kuma in goggon ta yi shiru a wani wuri, kar ki matsa mata.

Abu_Zongo: In ta tuno sunan maigidan ki turo min ta saƙon sirri, kar ki sa a nan. Akwai dattijon da muke sallar Juma'a tare, mutanensa daga Salaga suka zo, zan tambaye shi. Ki haɗo da bayanin zanen.

Bazazzagi_Original: Ɗan Kurmi, ka ce za ka dawo kaina, har yanzu ina jira.